Wace Manhaja Za Mu Ba Amanar Littafin Bashi?

Wata Laraba gab da Babbar Sallar da ta wuce, a cikin turmutsutsun kasuwar shanu, aka zare wa wani maƙwabcinmu dillali waya daga aljihun gaban riga. Da muka je yi masa jaje da daddare, mun ɗauka kuɗin wayar ne ke cin sa. Ashe ba su ba ne. Tun da ɗansa ya nuna masa wurin rubutu a wayar, ya jingine littafinsa mai bango mai kauri, ya mayar da komai ciki: wanda ya ba da kafin-alƙalami, wanda ya loda shanu zuwa Legas bai cika kuɗi ba, la'adar da bai karɓa ba, da kuɗin Fulanin da suka bar masa dabbobi amana suka koma ruga. Ya sayi wata wayar washegari, ya yi walkam-bak na layinsa, ya buɗe wurin rubutun, ya tarar da shi fes kamar allon da aka wanke.

Tun daga ranar kusan kowace majalisa muka zauna a unguwar nan sai an jefo mana tambayar: to wai wace manhaja ce ta fi dacewa mutum ya riƙa ajiye rubutu da jerin ayyukansa? Shi ya sa muka ɗauki lokaci muka jujjuya waɗanda aka fi ambata, muka kuma saurari masu amfani da su, daga direban tirela har uwar adashi.

Abu na farko da ya kamata mu faɗa wa juna shi ne, waɗannan manhajoji ba don mu aka ƙera su ba. Wanda ya zauna ya tsara su yana hango ma'aikacin ofis ne a Amurka ko Jamus, mai taro ƙarfe goma, mai son a tuna masa ya sayi madara a hanyar gida. In ya manta madarar, shayinsa ne kawai zai sha baƙi. Mu kuwa abin da muke rubutawa kuɗin mutane ne. Bashin buhun gero ne, zubin adashi ne, kuɗin man da aka ba direba zai tashi Fatakwal ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a garin da rabin cinikinsa ke tafiya a kan "kawo, in na dawo daga Kudu na cika maka", rubutun da ya ɓata yana iya raba zumuncin shekara talatin. Saboda haka ba kyan launi ko yawan maɓallai muka duba ba. Tambayar da muka riƙa yi wa kowace manhaja ita ce: in wayar nan ta faɗa kwata, ko aka sace ta, ko mai ita ya riga mu gidan gaskiya, ina rubutun yake?

Mu fara da wadda kowa ke da ita, wato 'yar manhajar rubutu da ke zuwa a cikin waya tun daga kwali. Ita ce mafi sauƙi, ba ta cin data, ba ta neman sabis, tana buɗewa nan take. Aibinta ɗaya ne, amma babba: in ba ka haɗa ta da wani akawun ba, abin da ka rubuta a cikin wayar yake kwana, ba ya zuwa ko'ina. Ranar da waya ta ƙi tashi ka kai wa mai gyara ya ce sai an yi mata filashin, to ka yi sallama da shi. Mafi yawanmu kuwa ranar da muka sayi waya, duk inda ta ce a buɗe akawun tsallakewa muke yi don mu yi saurin isa WhatsApp. Don jerin cefane ko lambar motar da za ka tara a tasha, ba laifi. Amma kuɗin wani, a'a.

Sai WhatsApp ɗin kansa, wanda in za mu faɗi gaskiya shi ne littafin da mutanen Fataskum suka fi rubutu a ciki, ko da masu shi ba su kira shi manhajar rubutu ba. Tun ƙarshen 2022 ya ba mutum damar tura wa kansa saƙo, kafin nan ma mutanenmu sun riga sun gano dabarar buɗe guruf da matarsu ko ƙaninsu, su cire shi, su zauna su kaɗai suna zuba lissafi. Dalilin farin jininsa a bayyane yake. Ba sai ka iya boko ba, danna ka yi magana. Dattijon da bai taɓa riƙe biro ba yana iya cewa "yau Laraba na ba wane bijimi biyu, saura dubu ɗari uku", magana ta zauna da ranarta da lokacinta.

Amma ku gwada neman wannan maganar bayan wata huɗu. Saƙon murya ba ya bincikuwa. Sai ka zauna kana danna su ɗaya bayan ɗaya kana saurare, ga na gaisuwa, ga na lissafi, ga wa'azin da ka tura wa kanka don ka ji daga baya. Sannan in an kunna masa saƙo mai ɓacewa, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, lissafinka zai share kansa kana barci. Ajiyarsa ma a akawun ɗin Google take zama in ka kunna ta, kuma tun 2024 tana cin daga cikin gigabait 15 da ake ba kowa kyauta. Bidiyon biki ya cika wurin, ajiya ta tsaya, kai ba ka sani ba.

Duk da haka akwai abu guda da WhatsApp ya fi sauran duka, kuma a nan muke ganin ya kamata a tsayar da shi: shaida. In ka rubuta wa abokin cinikinka "saura naira 300,000, zuwa Laraba ta sama", ya amsa da muryarsa ya ce haka ne, to magana ta zama ta mutum biyu, tana wayarka tana wayarsa. Gyaran saƙo minti 15 kawai ake ba mutum, kuma ko ya gyara sai an nuna an gyara. Mun san tun muna allo cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutun da kai kaɗai ka yi a wayarka, kai kaɗai kake iya canza shi, tuni ne a gare ka, amma ba hujja ba ce a gaban dattawan kasuwa.

Wadda muka fi daɗewa a kanta ita ce Google Keep, wadda ta fito tun 2013. Kyauta ce, ba ta da talla, ba ta da nauyi, kuma kusan duk mai wayar Android ya riga ya mallaki akawun ɗin da take buƙata. Kana iya rubutu ba sabis, ta riƙe, in sabis ya dawo ta tura da kanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke bin kasuwannin ƙauye ta hanyar Fika ko Gashuwa, balle ga mu da muka ga 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu aka katse layukan waya a Yobe da Borno da Adamawa, muka yi kusan wata biyu waya ba ta da amfani sai haska ɗaki. Duk manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, wanda ya rayu a garin nan a wancan lokacin ba zai ba ta amana ba.

Tana yin jeri mai akwatuna, ka danna abin da ka gama ya sauka ƙasa. Tana karɓar hoto, kuma a ganinmu wannan shi ne babban amfaninta a unguwar nan. Iyayenmu da yawa da ajami suke lissafinsu, kuma ba wanda zai sa Alhaji mai shekara saba'in ya koma danna baƙaƙen boko da babban yatsa. Ba sai ya koma ba. Ya ci gaba da littafinsa, jikansa ya ɗauki hoton shafin ya ajiye a Keep, ya sa masa suna da kwanan wata. Haka rasit ɗin mai POS, wanda tawadarsa ke gogewa kafin wata ya zagayo, haka takardar lodi. Kana iya ba kowane abokin ciniki launinsa ko lakabinsa, ka rubuta sunansa a wurin bincike duk abin da ya shafe shi ya fito. In ka goge abu bisa kuskure yana zama a kwandon shara kwana 7 kafin ya tafi.

Ga masu son magana maimakon rubutu, a watan Oktoban 2024 Google ya sanar da shigar da Hausa cikin harsunan da madannansa na Gboard ke ji ya rubuta. Gboard ɗin kuma yana da ɓ da ɗ da ƙ in ka zaɓi Hausa, ka ga an huta da rikita ƙasa da kasa, ko ɓari da bari. Sai dai a yi hattara da kuɗi. Mu a kasuwa "miliyan ɗaya ba hamsin" muke cewa, kowa ya gane 950,000 ake nufi. Na'ura ba ta taɓa zama a kara ba. Faɗi sauran maganar da baki, amma adadin kuɗi ka danna shi da hannunka, ka sake dubawa.

To ina aibinta? Na farko, ba ta da makulli nata na kanta. Duk wanda ya buɗe wayarka ya buɗe littafinka. A gidajenmu kuwa waya ɗaya hannu nawa take bi kafin dare? Yaro ya karɓa zai yi gem, ƙanwa ta karɓa za ta kira, a kai ta shagon caji ta wuni. Wata uwar adashi ta ce mana ita ba ɓarawo take tsoro ba, kishiya da 'ya'yan miji take tsoro, kada a san wa ya kwasa wa ya yi jinkirin zubi. Gaskiyarta. Masu Samsung suna da Samsung Notes wadda ke kulle rubutu ɗaya-ɗaya, masu Tecno da Infinix kuma su nemi wurin kulle manhaja a cikin saitin wayar su sa wa Keep ɗin lamba. Na biyu, tana ba ka damar haɗa wani a kan rubutu ɗaya, mai mota da direbansa misali, kowa na gani a wayarsa. Abin da daɗi, amma duk wanda ka haɗa yana iya gogewa ya sake rubutawa. Don jerin kayan da za a sayo a Kano ya yi. Don lissafin kuɗin da ke tsakaninku, ka koma maganar shaida da muka yi a sama. Na uku, ba ta tara lissafi. Ba za ta ce maka jimillar bashin da kake bi kaza ba ce, sai ka ɗauko kalkuleta.

Microsoft To Do ita ma kyauta ce, kuma wajen jerin ayyuka zalla ta fi Keep tsari. Tana da shafin ayyukan yau wanda ke wayewa fari kowace safiya, ka zaɓi abin da za ka sa a gaba. Tana maimaita tuni, ka ce mata kowace Talata da yamma ta tuna maka shirin kasuwa, ko kowane ƙarshen wata kuɗin makarantar yara. Malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan garin mai fama da ranakun miƙa aiki, su za ta yi wa rana. Ga ɗan kasuwa kuwa ƙarin akawun ne da ƙarin kalmar sirri, kuma ba wurin dogon bayani ba ce.

Todoist da Notion ba za mu ɓata muku lokaci a kansu ba. Ta farko gwaninta shi ne ka rubuta mata rana da Turanci ta gane ta sa tuni. Rubuta mata "jibi bayan La'asar" ka ga ko za ta motsa. Ta biyu ofis guda ce aka cusa a waya, kafin ka koyi hanyoyinta an tashi kasuwa. Dukansu kuma abubuwan daɗinsu na bayan biyan kuɗin wata-wata da aka yanka da kuɗin waje.

Wannan zancen La'asar ba raha kawai ba ce, kuma ya shafi dukansu har da Keep. Ranarmu da salloli aka yanka ta, makonmu da ranakun kasuwa, shekararmu da azumi da layya da kaka. Ba wanda ke cewa "mu haɗu huɗu da kwata", cewa ake "in an sauko La'asar". Alkawarin biyan bashi "bayan Sallah" ne ko "in an yi girbi". A cikin waɗanda muka ambata ba wadda ta san wannan. Dole kai ne za ka fassara mata rayuwarka zuwa agogo da kalandar Bature, kuma da yake lokacin salla na matsawa tsakanin hunturu da bazara, tunin da ka sa a watan Janairu zai riƙa kuskure maka jam'i a watan Yuni. Muna da yara masu karatun kwamfuta a unguwar nan. Ga aiki nan yana jiran mai yi.

Evernote mun sako ta ne don darasin da ke cikin labarinta. Shekaru ita ce sarauniyar manhajojin rubutu a duniya, mutane suka tara dubban takardu a cikinta kyauta. Wani kamfanin Italiya mai suna Bending Spoons ya saye ta, a watan Disambar 2023 aka ce mai amfani kyauta rubutu 50 kawai zai iya yi a littafi ɗaya, in yana son ƙari ya biya. Kafin ita akwai Wunderlist ta Jamus, wadda Microsoft ya saya a 2015 ya rufe a watan Mayun 2020. Ba wanda ya yi sata a nan, kayansu ne. Mu ne dai ya kamata mu san cewa rumbun aro muke zuba hatsi, kuma wannan ya haɗa da Keep ɗin da muke yabo.

Akwai kuma tarin ƙananan manhajoji da ke cika Play Store, masu sunan littafin rubutu ko littafin bashi, waɗanda yara ke tura wa juna ta Xender. Wasu cike da talla, kana tsakiyar rubuta kuɗi hoton caca ya rufe maka fuska. Wasu da ka buɗe sai su nemi izinin shiga lambobin wayarka da saƙonninka. Me littafin rubutu zai yi da lambar surukarka? Wanda ya ga yadda manhajojin ba da rance suka riƙa tura wa dangin mutane saƙon tozarci ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Wasu na littafin bashin suna da dabarar tura wa wanda kake bi saƙon tuni da kansu. A wani wurin ƙila wannan ci gaba ne. A nan, ka bari na'ura ta tura wa dattijon da ya goya ka a kasuwa saƙon "ka biya bashi", ka ga yadda za ku kwashe.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da ya fi duk zaɓen manhaja muhimmanci. Keep tana tsare rubutunka ne a cikin akawun ɗinka na Gmail. To wa ya buɗe maka Gmail ɗin? Mun yi wannan tambayar a majalisu da dama, amsar kusan ɗaya ce: yaron shagon da aka sayi wayar. Shi ya zaɓi sunan, shi ya sa kalmar sirri, wataƙila ma lambarsa ya sa ta dawo da akawun. Mai waya bai san ko ɗaya ba. Irin wannan ko da Keep yake rubutu, ranar da waya ta tafi daidai yake da maƙwabcinmu dillali: dukiyarsa na cikin ɗaki, makulli na hannun yaron da ya koma Abuja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau, tun wayar na hannunka, ka sa a nuna maka adireshin imel ɗinka, ka canza kalmar sirri zuwa wadda ka sani, ka sa lambarka ta dawo da akawun, lambar da ke da rajista da NIN ɗinka kai kanka, ba layin da aka saya da sunan wani ba. Mun ga yadda aka rufe layuka a 2024 kan rashin haɗa NIN. Ka rubuta imel ɗin da kalmar a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardar gida.

Sai maganar da ba a son yi. Littafin takarda in mutum ya rasu ana samunsa a ƙarƙashin katifa ko cikin akwati, magada su buɗe a gaban malamai, a biya wanda ke binsa kafin a raba gado, a nemi wanda yake bi. Waya mai kulle da zanen yatsa fa? Mun san gidajen da aka yi wata da watanni ana jiran masu gaskiya su kawo kansu, don ba wanda ya iya buɗe wayar mamaci. Google na da wani tsari mai suna Inactive Account Manager, inda za ka sa sunan amintaccenka, in akawun ya yi wata 3 ko 6 ko fiye ba a taɓa shi ba a ba shi damar sauke abin da ka zaɓa. Kaɗan ne suka san da shi. Kuma a ƙa'idar da suka fara aiki da ita a Disambar 2023, akawun ɗin da ya shekara biyu ba a shiga ba suna iya share shi ɗungurum. Mafi sauƙi dai, mutum ɗaya a gidanka, babban ɗa ko uwargida ko ɗan'uwa, ya san inda takardar nan take.

In aka matsa mana mu zaɓa, ga inda muka tsaya. Keep don rubutu da hotuna da jerin ayyuka, bayan an gyara zancen Gmail an kuma sa mata makulli. WhatsApp don kafa shaida da wanda kuka yi ciniki, a rubuce, da adadi, ya amsa. Ma'aikata da ɗalibai su ƙara da To Do in suna so. Littafin takarda kuwa kada wanda ya jefar da nasa. Shi ne uwa, waya 'yar rakiya ce. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci a ɗauki hoton shafukan makon a zuba a Keep, aikin minti biyar ne. In gobara ta ci littafi hoto na nan, in aka zare waya littafi na nan.

Shi maƙwabcin namu, Fulaninsa sun zo da lissafinsu a ka, bai kuma saɓa da abin da yake tunawa ba, ya sallame su. Cikin waɗanda suka loda shanu, mafi yawa sun cika masa ba gardama. Mutum biyu ne har yanzu ake kai-kawo da su a gaban shugabannin kasuwa: ɗaya ya ce ya biya rabi ta tiransifa, ana jiran takardar banki, ɗayan kuma ya ce shi bijimi uku ya ɗauka ba huɗu ba. An sa zama Laraba mai zuwa bayan Azahar.